Yadda Ake Buga Maƙalar Bincike Kan Fasahar Zamani a Harkar Lafiya

Tun da na fara taimaka wa ɗalibai da ƙananan likitoci wajen gyara maƙalunsu, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini da fuska daban-daban. Wani ya haɗa manhajar ajiye bayanan marasa lafiya a asibitinsu, wata ta shekara tana tura wa iyaye mata saƙon tunin rigakafi, wani kuma yana bibiyar masu hawan jini ta WhatsApp. Dukkansu abin da suke cewa shi ne: "Malam, ta yaya zan mai da wannan aiki maƙalar da mujallar kirki za ta karɓa, kuma nawa zai ci?" Ga amsar a jere. Zan riƙa komawa ga misali ɗaya don abin ya fito fili, wato saƙon waya da ake tura wa iyaye a tuna musu ranar kai yaro rigakafi a asibitin sha-ka-tafi.

A abin da na gani, maƙalun da ake dawo wa mutanenmu da su sukan lalace ne tun kafin a zauna rubutu. Saboda haka matakai huɗu na farko duk ana yin su ne kafin a rubuta ko layi ɗaya.

1. Fitar da tambayar da za a iya aunawa

Edita ba ya buga labarin cewa ka ƙirƙiri manhaja. Abin da yake nema shi ne me manhajar ta sauya, ga wa, kuma idan aka kwatanta da me. "Mun yi tsarin tura saƙo ga iyaye" bayanin aiki ne kawai. Tambayar bincike ita ce: shin yaran da aka tura wa iyayensu saƙo sun fi waɗanda ba a tura wa ba samun allurar Penta ta uku, wato rigakafin cututtuka biyar a allura ɗaya, a mako na 14 da haihuwa? Nan akwai mutanen da ake magana a kansu, akwai abin da aka yi musu, akwai waɗanda ake kwatanta su da su, akwai kuma abin aunawa.

Idan aikinka bai kai nan ba, kada ka ƙaƙaba masa rigar da ta fi shi. Binciken ko abin zai yiwu, ko ma'aikata suna iya sarrafa shi, ko mata sun karɓe shi hannu bibbiyu, duk bincike ne da ake bugawa, kuma akwai mujallun da aka ware musu, irin su JMIR Formative Research. Ka kira aikin da sunansa na gaskiya.

Kafin ka wuce, nemi masanin ƙididdiga ya lissafa maka yawan mutanen da kake buƙata. Ranar farko ake nemansa. Wanda ya kai masa bayanai bayan an gama tattarawa, galibi abin da zai ji shi ne mutanen ba su isa a yanke hukunci ba.

2. Samo izinin kwamitin ɗa'ar bincike

A Nijeriya, kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya, wato NHREC, ne ke yi wa kwamitocin asibitocin koyarwa da na ma'aikatun lafiya na jihohi rajista. Idan a asibitin sha-ka-tafi za ka yi aikin, ka nemi kwamitin ma'aikatar lafiya ta jihar, sannan ka karɓi takardar shiga daga hukumar lafiya a matakin farko. Za a nemi cikakken tsarin binciken, da takardar neman yardar mahalarta, da tambayoyin da za ka yi, sau da yawa har da shaidar ka yi horon ɗa'ar bincike. Shafin TRREE yana ba da wannan horo kyauta ta intanet. Kuɗin dubawa ya bambanta daga kwamiti zuwa kwamiti, kuma na ɗalibi ya kan fi sauƙi. Ka ware makonni da dama, domin wasu kwamitocin sau ɗaya suke zama a wata.

Takardar neman yarda ta kasance da Hausa idan da Hausa za a yi magana, kuma ka bayyana yadda za a yi da wadda ba ta karatu: a karanta mata gaban shaida, ta dangwala. A aikin waya akwai tambayoyin da dole takardar ta amsa. Wa zai ga lambar wayar? A ina za a ajiye bayanan? Yaya mutum zai ce a daina tura masa saƙo? Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman, don haka wannan sashe ya wuce cika ƙa'ida kawai.

Gargaɗi: ba a neman izini bayan an gama aiki. Wani ɗalibi ya taɓa zuwa mini da bayanan shekara guda cur, masu kyau sosai, amma ba lambar izini. Babu yadda muka iya yi da su. Ko da tsofaffin bayanai za ka ciro daga DHIS2, wato manhajar da gwamnati ke tara alƙaluman asibitoci a ciki, ko rajistar asibiti, ka kai wa kwamitin, su ne za su rubuta maka cewa an ɗauke maka neman yardar kowane mutum. Kai ba ka da ikon ɗauke wa kanka.

3. Yi wa gwajin rajista

Idan za ka raba mutane rukuni-rukuni, wasu a tura musu saƙo wasu a'a, to a ma'aunin ICMJE, wato kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, gwajin asibiti kake yi, ko da ba ka ba kowa ƙwayar magani ba. Dole ka yi rajista kafin ka ɗauki mutum na farko. Rajistar PACTR ta gwaje-gwajen Afirka kyauta ce, haka ma ClinicalTrials.gov. Mai bitar ayyukan da aka riga aka buga kuma sai ya yi rajista a PROSPERO.

Abin da ka rubuta a rajistar a matsayin babban abin aunawa, shi za ka ba da rahotonsa a maƙala. Masu bita, wato masanan da mujalla ke ba maƙala su tantance, suna buɗe rajistar su kwatanta. Idan ka ce Penta ta uku za ka auna, sai a maƙala ka koma allurar ƙyanda ta wata tara saboda a nan ne sakamakon ya fi kyau, za su gani.

4. Tattara bayanai, har da na na'urar kanta

A nan binciken fasaha ya bambanta da sauran, kuma a nan ake yawan tuntuɓe.

Kayan aikin ba su da tsada. KoboToolbox da ODK suna cike fom a waya ko babu intanet, su tura daga baya. REDCap, wata manhajar tattara bayanai, kyauta ne ga cibiyoyin da suka shiga ƙawancensa, sai ka tambaya ko jami'arku tana ciki. Don nazarin alƙaluma, R da Epi Info kyauta ne, SPSS da Stata kuma sai an biya lasisi. Kuɗin da zai fita da gaske shi ne na data, da katin tura saƙo, da abin hawa da alawus na masu tattara bayanai, da man janareta ko abin cajin waya.

Bayan sakamakon lafiya, mujallu suna so su san ko fasahar ta isa ga mutane ma kuwa. Don haka tun ranar farko ka riƙa ajiye lissafin saƙo nawa aka tura, nawa suka shiga, nawa suka dawo, lambobi nawa ne a kashe, da kwanakin da tsarin ya tsaya. Kamfanin tura saƙon yana da wannan rahoto, amma ka riƙa sauke shi duk mako, kada ka bari sai ƙarshe. Ka rubuta lambar sigar manhajar da ranar duk wani gyara da aka yi mata ana tsakiyar aiki.

Ga abubuwa uku na ƙasarmu da ya kamata su shiga fom ɗinka. Na farko, wayar ta wace ce? Mace za ta ba ka lamba, amma wayar tana aljihun maigida a kasuwa har dare, ko ta maƙwabciya ce. Idan ba ka tambaya ba, za ka ce an tunatar da uwa alhali ba ta taɓa ganin saƙon ba. Wannan yana da nauyi ta fuskar sirri ma: saƙon da ya ambaci ciki ko wata cuta yana iya faɗawa hannun wanda bai kamata ba. Na biyu, tsarin hana saƙonnin talla da ake kunnawa ta lambar 2442 yana iya tare saƙonka, sai ka tambayi kamfanin ko hanyar da yake bi tana tsallake shi.

Na uku ni kaina ya faru da ni. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ka sa ɓ ko ɗ ko ƙ, sai ya koma wani tsarin da ba ya wuce haruffa 70. Saƙonmu mai haruffa kimanin 150 ya riƙa tafiya a matsayin saƙo uku, kuɗin da muka ware ya ƙare tun ba a je ko'ina ba, wasu ƙananan wayoyi kuma suka riƙa nuna akwati a gurbin harafin. Ka gwada saƙonka a ƙaramar waya mai maɓalli kafin ka fara. Inda mata da yawa ba sa karanta boko, saƙon murya ya fi isa, sai dai ya fi tsada, kuma sai ka ƙidaya waɗanda suka ɗaga da waɗanda suka saurara har ƙarshe.

Idan sauƙin amfani kake aunawa, yi amfani da ma'aunin da aka sani, kamar SUS mai tambayoyi 10. Idan za ka mai da shi Hausa, mutum ɗaya ya fassara, wani daban ya mai da shi Turanci ba tare da ya ga na asali ba, a kwatanta, a gwada a kan mutane kaɗan, kuma ka faɗi duk wannan a maƙalar.

5. Zaɓi mujalla kafin ka fara rubutu

Kowace mujalla tana da yawan kalmomin da take karɓa da tsarin da take so, shi ya sa zaɓi ke zuwa kafin rubutu. Mafi tsufa cikin sanannun na wannan fage ita ce Journal of Medical Internet Research, wadda aka fara a 1999, kuma tana da ƙanne da yawa, ciki har da JMIR mHealth and uHealth. Akwai npj Digital Medicine da The Lancet Digital Health, waɗanda suka fi son manyan gwaje-gwaje. PLOS Digital Health da BMC Medical Informatics and Decision Making suna karɓar ayyuka iri-iri. A Afirka akwai Pan African Medical Journal, wadda take karɓar Turanci da Faransanci, abin da zai yi wa 'yan'uwanmu na Nijar daɗi, da Annals of African Medicine da ke da tushe a Sakkwato, da wasu da dama a AJOL, rumbun mujallun Afirka na intanet.

Hanya mafi sauƙi: duba manazartarka. Mujallar da ka fi ambata, da alama a can ake tattauna irin tambayarka. Buɗe maƙalu biyar da ta buga kwanan nan, ka tambayi kanka tsakani da Allah ko naka ya kai girmansu. Jera mujallu uku, ta farko da ta biyu da ta uku, domin idan an dawo maka da ita ka san inda za ka nufa washegari.

Gargaɗi kan mujallun bogi: da zarar sunanka ya fito a wata maƙala, saƙonni za su cika maka imel, ana yabonka, ana alkawarin bugawa cikin kwana bakwai. Sauri ya haifi nawa. Kada ka yarda da tambarin da mujalla ta manna a shafinta. Je ka da kanka ka nemi sunanta da lambar shaidarta ta ISSN a DOAJ, wato kundin tantattun mujallun da ake karantawa kyauta, da jerin mujallun Scopus, da kundin ɗakin karatun likitanci na Amurka mai kula da PubMed, rumbun neman maƙalun lafiya. Shafin Think. Check. Submit. yana da jerin tambayoyin da za ka bi. Akwai ma masu kwaikwayon shafin mujallar gaske sak, don haka ka shiga ta mahaɗin da ke cikin DOAJ ko shafin kamfanin bugawa. Aikin da ya faɗa mujallar bogi ya tafi, domin mujallar kirki ba ta karɓar abin da aka riga aka buga.

6. Warware maganar kuɗi

Galibin mujallun wannan fage kowa na iya karanta su kyauta, marubuci ne ke biya. Manyan cikinsu suna cajin daga dala dubu biyu zuwa sama da dubu biyar kan maƙala ɗaya. Na Afirka sun fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai hanyoyin rage nauyin. Kamfanonin bugawa da yawa suna yafe kuɗin ko su rage bisa jerin ƙasashe na Research4Life ko na Bankin Duniya. Marubuci daga Nijar ya kan samu cikakken yafiya. Nijeriya kuwa wasu kamfanoni suna cire ta saboda girman tattalin arzikinta, sai ka duba jerin kowane kamfani a shekarar da kake ciki. PLOS tana da shirin taimakon wanda ba shi da halin biya. Mujallun da ake biya kafin a karanta su kuma sau da yawa ba sa cajin marubuci ko sisi idan bai zaɓi a buɗe maƙalarsa ga kowa ba. Malamin jami'a ya leƙa ofishin bincike na makarantarsu da teburin TETFund ya ji abin da ake da shi.

Gargaɗi: ana neman yafiya ne lokacin turawa. Bayan an karɓi maƙala, da wuya a saurare ka. Ka kuma tambayi bankinka tun da wuri ko katinka zai iya biyan dala. Ba a fafe gora ranar tafiya.

7. Rubuta, da jerin ƙa'ida a gefenka

Kowane irin bincike yana da jerin abubuwan da dole a faɗa, kuma duk suna shafin EQUATOR kyauta. Gwajin da aka raba mutane ta ƙuri'a yana bin CONSORT, tare da ƙarinsa na CONSORT-EHEALTH. Aikin wayar hannu yana da mERA, mai abubuwa 16, wanda aka fitar a 2016 ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Binciken lura yana bin STROBE, na hira COREQ, tambayoyin intanet CHERRIES, bitar ayyuka PRISMA, samfurin hasashe mai ƙirƙirarriyar basira kuma TRIPOD+AI. Buga naka a takarda, ka rubuta lambar shafi gaban kowane abu.

Fara da jadawali da zane, sai hanyoyin bincike, sai sakamako, sai tattaunawa, sai gabatarwa. Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ke saman maƙala, shi ne na ƙarshe.

A sashen hanyoyi, bayyana fasahar yadda wani a Maraɗi ko Gusau zai iya maimaita ta: kalmomin saƙon, da harshensa, da ƙarfe nawa ake turawa, da sau nawa, da wanda ke shigar da lambobi, da horon da aka ba shi, da yanayin sabis da wuta a wurin. A sakamako, kowane kaso ya zo da adadin da aka ciro shi daga ciki, kuma ka ƙidaya duk wanda ka ɗauka, har da waɗanda layinsu ya mutu. Idan saƙon bai sauya komai ba, faɗi haka. Wannan ma ilimi ne, zai hana wata jiha zuba kuɗi inda ba amfani, kuma ana buga shi.

Kada gabatarwa ta zama tarihin kwamfuta. Sakin layi uku ya isa: matsalar, abin da aka sani, giɓin da kake cikewa. Zotero zai jera maka manazarta kyauta. Kafin turawa, sa a duba maka maƙalar da manhajar gano satar fasaha, domin mujallu suna yi, kuma kwafo daga tsohon aikinka ma ana ƙirga shi. Idan ka yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen gyara Turanci, faɗa a inda mujallar ta ce a faɗa, kada ka sa ta cikin marubuta, kuma ka buɗe kowace madogara da idonka, saboda takan ƙago maƙalun da ba su wanzu ba.

8. Daidaita sunayen marubuta

Sharuɗɗan ICMJE huɗu ne: mutum ya taka rawar gani a tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya shiga rubutu ko gyara mai ma'ana, ya amince da sigar ƙarshe, ya yarda a tuhume shi kan aikin. Na san nauyin da ke kan ƙaramin ma'aikaci idan babba ya nuna yana son ganin sunansa. Maganin da na sani shi ne a zauna tun farkon aiki, a rubuta wa zai yi me, a ba kowa damar cika sharuɗɗan. A gefe guda kuma, mai rubuta manhajar da ma'aikaciyar lafiyar da ta riƙe aikin a asibiti su ne aka fi mantawa da su. A gayyace su cikin rubutun. Kowa ya buɗe ORCID, wato lambar shaidar mai bincike a intanet, kyauta ne. Idan kai ne mai manhajar ko kana da hannun jari a kamfanin, rubuta shi a sashen bayyana muradi, inda ake faɗin duk wata moriyar da marubuci ke da ita a aikin.

9. Tura

Shirya maƙalar, da jerin ƙa'idar da ka cike, da lambar izini, da lambar rajista, da bayanin inda za a samu alƙaluman bayan an cire sunaye da lambobin waya. Wasiƙar rakiya kada ta wuce shafi ɗaya: me ka gano, me ya sa ya dace da wannan mujalla, da tabbacin ba ka tura wa wata ba. Tura maƙala ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda babban laifi ne. Kana iya ɗora ta a medRxiv, shafin maƙalun lafiya da ba a kai ga bugawa ba, kyauta mutane su fara karantawa, idan mujallar ta yarda da haka.

10. Amsa masu bita

Idan edita bai ga dacewa ba, za ka ji cikin kwanaki. Idan ya tura wa masu bita, biyu ko uku galibi, sai ka jira makonni ko watanni. "A gyara a sake turowa" labari ne mai daɗi, ko da sharhin ya kai shafi biyar. Karanta, ka ajiye kwana biyu har zuciya ta huce, sannan ka buɗe jadawali mai gida uku: abin da suka ce, amsarka, da shafi da layin da ka gyara. Kada ka tsallake ko ɗaya.

Inda ba ka yarda ba, faɗa cikin ladabi da hujja. Mai bita da ke Turai yana iya tambayar me ya hana ku yin manhajar babbar waya. Wannan dama ce ta bayyana irin wayoyin da ke hannun matan da ka yi aiki da su, kuma amsar ta shiga cikin maƙalar kanta. Idan wa'adi zai kuɓuce maka, nemi ƙarin lokaci kafin ya cika. Idan an ƙi gaba ɗaya, gyara abin da ke da gaskiya cikin sharhin, ka sauya tsari, ka wuce mujalla ta biyu.

11. Bayan an karɓa

Za a aiko maka da sigar ƙarshe ka duba, sau da yawa cikin kwana biyu ko uku. Bi alƙaluman jadawali ɗaya bayan ɗaya, da rubutun sunaye da na cibiyoyi, da haruffan Hausa idan ka sa samfurin saƙon, domin sukan rikiɗe wajen tsara shafi. Idan ta fito, sa lambar DOI da ake gano ta da ita a intanet a ORCID ɗinka, ka sabunta rajistar gwajin da sakamakon, ka aika wa kwamitin ɗa'a rahoton rufe aiki.

Saura abu ɗaya da mujalla ba za ta tambaye ka ba. Rubuta taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya da Hausa, ka kai wa shugabar asibitin da kwamitin ci-gaban mazaɓa da mai unguwar da ya ba ka izinin shiga. Ka je ranar rigakafi, lokacin da mata suka taru a rumfa suna jiran a kira kati, ka nemi minti biyar ka faɗa musu abin da aka gano da lambobin wayar da suka bayar.